Tunau da 'Yan Amshi Masu Fukafukai

A Tungar Gawo an yi wani makaɗin noma ana ce da shi Tunau, mutumin da Allah ya ba murya ya hana shi birki. In ya rataya ganga ya buɗe maƙogwaro, ko ragon da fura kaɗai ta kawo shi gayya sai ka ga ya tofa yawu a tafi ya rarumi garma. Wannan kam ba mai ja. Sai dai bakin da ke tayar da manoma shi ne kuma ke korar masa mutane, don Tunau bai taɓa yin shiru a inda shiru zai yi masa rana ba.

Gangar da yake kaɗawa ba mallakarsa ba ce. Ta manoman garin ce, sunanta Mai-Tsawa, kuma Sarkin Noma ne ke damƙa ta ga babban makaɗi. Kakan Tunau ya riƙe ta, ubansa ya riƙe ta, shi ma igiyarta ta yi masa kanta a kafaɗa. Yana sonta so na gaske, ko ruwa ya tsuge sai ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, shi ya jiƙe. Sharaɗin riƙonta ɗaya ne tak: kowace damina, ranar gayyar Sarkin Noma, mai ganga ya fito da 'yan amshinsa. Makaɗin da ya zo shi kaɗai kuwa, sai ya ajiye ta a gindin gawo ya kama hanyar gida.

'Yan amshin Tunau su uku ne, Cindo da Barau da Talle. Cindo ne babbansu, mai siririyar murya, ya daɗe yana bin Tunau gona-gona yana shan rana da faɗa. Wata ranar kasuwa suna zaune su huɗun a tukubar mai tsire, sai wani baƙo ya tsaya ya gaishe su, ya nuna Cindo ya ce, "Ni fa a kiɗanku amshin nan ne ke kashe ni. In wannan bawan Allah ya karɓe, har tsikar jikina tashi take."

Mai hankali da sai ya ce madalla ya ci gaba da cin namansa. Tunau kuwa sai ya zare tsinke daga baki ya ce, "Amshi kuma har wani aiki ne? Ni ke saro waƙa, ni ke sassaƙa ta, su nasu buɗe baki ne kawai. Amshi ai ko tsuntsu ka samu mai maƙogwaro ya yi maka."

Aka yi dariya, ban da mutum uku. Cindo ya gama tauna abin da ke bakinsa a natse, ya goge hannu, ya miƙe. Ya ce, "To, Maigida, Allah ya haɗa ka da tsuntsu mai maƙogwaro." Barau ya tashi ya bi shi. Talle ya ɗan tsaya ya ƙarasa tsirensa, don shi ba ya fushi da abinci, sannan shi ma ya bi su.

Tunau ya ɗauka fushin yini guda ne. Ashe an yi sallama ke nan. Ba a jima ba labari ya zo masa cewa Cindo ya aro ganga a ƙauyen gaba, ya mai da Barau da Talle 'yan amshinsa, har ya je ya faɗi gaban Sarkin Noma Arzika ya ce bana zai nemi Mai-Tsawa. Ga gero ya kai gwiwa, ranar gayya sai matsowa take.

Nan fa hankalin Tunau ya tashi, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Ya shiga neman sababbin 'yan amshi. Ya je wa wanzami, wanzami ya ce shi ba tsuntsu ba ne. Ya je wa maƙeri, maƙeri ya ɗaga hannuwa ya ce a duba, fiffike bai fito masa ba tukuna. Duk wanda ya tunkara sai ya tarar maganar tukuba ta riga shi isa. Ya dawo gida, ya zauna ya tasa Mai-Tsawa gaba yana kallonta.

Matarsa Tabawa ta ajiye masa ruwa ta ce, "Maigida, ka je ka ba su haƙuri mana. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi."

Ya ce, "Ni? In ba Cindo haƙuri? Wanda na koya wa inda ake jan numfashi?"

"To sai ka zauna da numfashinka, shi ya tafi da ganga."

Ita Tabawa sana'arta kiwon talotalo, kuma duk yankin ba wadda ta kai ta hannu. Wanda bai taɓa kiwonsu ba ba zai san wahalar ba. Macen talotalo uwa ce mai yawo, sai ta tsallake gida ta je cikin ciyawa ta zuba ƙwanta masu ɗigo-ɗigo inda muzuru zai yi biki. Tabawa kan bi sawunta ta kwaso, ta sa wa kaza mai kwanci, kaza ta yi kusan wata guda a kai tana mamakin abin da ya hana 'ya'yanta fitowa. In sun fito kuma sabon aiki ya tashi. Ɗan tsakon talotalo raɓa kaɗai ta isa ta kashe shi, kuma ko cin abinci sai ya ga ɗan tsakon kaza na yi sannan ya gane abin da ake yi da baki. Haka za ta yi ta bin su da dafaffen ƙwai da yankakkiyar albasa da gara, tana kwashe su in hadari ya taso. Amma in suka tsallake, sai ka rantse ba su ne ba. Masu saye har daga birni suke zuwa gab da Kirsimeti, manyan gidaje kuma su nema don Sallah ko saukar babban baƙo.

A lokacin tana da ƙarti huɗu, maza, kowanne ya isa a kira shi maigida. In suka kumbura sai su baza wutsiya kamar faifai, su saki fukafukai suna jan ƙasa, tsokar nan ta kan baki ta zazzago tana reto, kai ya yi ja ya koma shuɗi ya koma fari-fari. Duk wannan don mace ɗaya ce da ke tsince-tsincenta ko kallonsu ba ta yi. Tunau bai taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba, ban da ɓata masa tabarma ba abin da ya san suna yi.

Rannan da hantsi kewa ta ishe shi, ya rataya Mai-Tsawa a tsakar gida ya ce bari ya ɗan motsa hannu, wa ya sani ko na bankwana ne. Ya buga, ya ɗaga murya:

"Ƙasa ta jiƙa, rana ta fito,
Wanda ya kwanta ya ci me da rani?"

Sai ya yi shiru a gurbin amshi, don baki ya saba. Kafin zuciyarsa ta gama tuna masa cewa ba mai karɓa, sai ya ji daga bayansa, murya huɗu a haɗe, ba wadda ta riga wata:

"Gulululu!"

Tunau ya waiga. Ga ƙartin nan a jere sun miƙa wuya suna kallonsa da ido ɗai-ɗai. Ya ce a ransa katari ne. Ya sake wani baitin, suka karɓe. Ya ja dogo, suka jira shi ya kai ƙarshe suka karɓe. Ya yanke gajere don ya kama su, ina, kafin ya rufe baki sun cafe. Sai ga Tunau ya zauna daɓas a kan turmi, idonsa ya kawo ruwa.

"Tabawa! Tabawa, fito ki ga ikon Allah!"

Ta fito da muciya a hannu.

"Shekara da shekaru ina fama da mutane, ashe masu jin waƙa suna cikin gidana suna cin dusa. Kin ji inda suka shiga? Cindo bai taɓa shiga daidai haka ba."

Ta ce, "Maigida, waɗannan fa ba waƙa suke ji ba. Jiya da jakin maƙwabta ya yi..."

"Ke dai ba ki san kiɗa ba."

"Ko taɓarya ce ta faɗi, ko wani ya yi fito a..."

Ya ɗora gula a kan ganga ya danne sauran maganar. Ƙarti suka karɓe, shi kuma ya ɗauka sun goyi bayansa ne. Tabawa ta dube shi ta dube su, ta rasa wanda ya fi wani kumburi, ta koma kan tuwonta.

Daga ranar gida ya zama makaranta. Kullum da safe sai ya jera su yana koya musu abin da aka haife su da shi, yana yaba wa kansa iya koyarwa. Mutumin da bai taɓa cewa ɗan amshi sannu ba, sai ga shi yana yawo a bayan gari da ƙwarya yana haƙo gara. Har ya je wurin tela a ɗinka musu huluna iri ɗaya, tela ya ce shi bai san inda kunnen talotalo yake ba balle ya auna. Tunau ya ce a bar shi, dama kowannensu da jar hularsa ya zo duniya.

Da ya nemi aronsu zuwa gayya, Tabawa ta gindaya sharuɗɗa. Da ƙafarsu za su je, ba ɗauri. Ita ma za ta je da ruwansu. Macen kuma dole a tafi da ita, don in ba ta nan mazan ba sa ganin dalilin yin komai. Tunau ya yarda da duka, shi da ko farashin gishiri sai ya yi gardama a kai.

Ranar gayya gonar Sarkin Noma ta cika maƙil. Matasa sun jeru da garemani, mata sun sauke ƙoren fura a inuwa, dattawa sun zauna gindin gawo. Cindo na gefe da gangar aro, Barau da Talle na bayansa sun sha sababbin riguna. Kowa ido ya zuba ya ga yadda Tunau zai zo shi kaɗai ya ajiye Mai-Tsawa. Wasu ma har sun fara tausaya masa.

Sai ga shi ya ɓullo ta kan hanya, ganga a kafaɗa, ƙirji a gaba. Bayansa macen talotalo, bayanta ƙarti huɗu sun baza wutsiya suna jan fukafukai, can ƙarshe Tabawa da tulu a ka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kunya.

Sarkin Noma Arzika dattijo ne mai son raha, amma ba ya wasa da al'ada. Ya bari Tunau ya gama gaisuwa sannan ya ce, "Makaɗa, mun gode da gudummawa, amma mun riga mun yanka akuya. Ina 'yan amshinka?"

"Ga su nan, ranka ya daɗe."

"Ina?"

"Su ne ke kallonka."

Cindo ya yi tsalle ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan raini ne! Tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa jin kaji a amshi?"

Tunau ya ce, "Ba kaji ba ne. Ka iya bakinka a gaban abokan sana'a."

Sarkin Noma ya juya wurin Baba Ɗari, tsohon da ya fi kowa shekaru a wurin, ya ce, "Baba, me na da suka ce a kan 'yan amshi? Sun ce lallai sai mutane?"

Baba Ɗari ya daɗe yana murza goro a dasashi. Can ya ce, "Abin da na ji daga bakin iyaye, mai ganga ya zo da masu karɓa masa. Ban ji an ambaci yawan ƙafa ba. In ma an ambata, waɗannan bibbiyu gare su kamar kowa."

Shi ke nan magana ta zauna. Aka raba gona biyu, aka raba manoma biyu, kowane makaɗi ya ja rabi. Wanda mutanensa suka riga fita ƙarshen gona, Mai-Tsawa tasa ce.

Tunau ya fara. Ya saki hannu a kan ganga har sai da ƙasa ta amsa, ya ɗaga murya:

"Arzika mai rumbun da ya fi ɗakinsa,
Ga mazanka sun zo, ciyawa ta shiga uku!"

"Gulululu!"

Gona ta ɗauki ihu. Wani saurayi dariya ta kayar da shi a kan kunya, ya tashi ya kama garma da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Tunau na zubawa, ƙarti na karɓewa, ba lattin shiga, ba mai tari, ba mai cewa a dakata ya sha ruwa. Ɓangarensa ya yi gaba, ƙura na tashi duk da damshin ƙasa. Shi kuwa ji yake kamar ya tashi sama don daɗi. Yana kiɗa yana satar kallon Cindo, yana ganin yadda gumi ke karyo masa tun bai buɗe baki ba.

Abin da Tunau bai lissafa ba shi ne fara. Garma na shiga ciyawa, fara na tashi, ga tsutsa ga ƙwari a buɗaɗɗiyar ƙasa. Macen ta ga abin da ta gani, ta bi wata ƙatuwar fara ta tsallaka kunya, ta ƙara tsallaka wata. Inda ta sa ƙafa kuwa nan mazan ke sawa. Tunau ya rufe ido yana jan wani dogon baiti, ko da ya buɗe sai ya hangi 'yan amshinsa can sun jeru reras a bayan Cindo.

Cindo dama ya shaƙa. Ya buga gangar aronsa, ya saki zambo da iyakar muryarsa:

"Wani tsoho ya rasa mutane,
Ya shiga akurki neman abokai!"

Barau da Talle suka ja numfashi za su karɓa, amma an riga su.

"Gulululu!"

Cindo kansa sai da ya razana. Ya waiga ya ga ko su waye, sai murmushi ya kufce masa. Ya ƙara matsawa:

"Ku da kuke kwana gidansa ku faɗa mini,
Muryar tsoho ba ta mutu ba?"

"Gulululu!"

"Ashe har ku kun shaida?"

"Gulululu!"

Wannan karɓar ta fi kowacce ƙarfi, har da miƙa wuya da girgiza tsokar baki. Tunau ya ji abin har cikin ƙashinsa. Waɗannan fa su ne ya yi wa yawon gara, har zago ya cije shi a yatsa saboda su. Ya dubi Tabawa yana neman agaji, ita kuwa ta zauna a kan gammonta ta tallabe haɓa, fuskarta na cewa ai na so in gaya maka.

Da wani ne da ya ajiye gula. Tunau kuwa ya taɓa igiyar Mai-Tsawa a kafaɗarsa, ya tuna yau ce fa za a raba shi da ita a gaban gari, sai ya tattaro duk abin da ya rage masa a ƙirji ya kwarara daga inda yake:

"Mai gangar aro, kaɗa a hankali,
In ta fashe da me za ka biya?"

Daga bayan Cindo, a gindin kunnensa, aka amsa:

"Gulululu!"

To daga nan fa abu ya rikice. Tunau ya jefa, su karɓe. Cindo ya rama, su karɓe. Wanda aka zaga da wanda ya yi zagin duk shaidunsu ɗaya. Wani manomi ya yi atishawa, suka karɓa masa. Jakin da ya kawo fura ya ga ana yi ba shi, ya saki nasa baitin, shi ma ba su ƙyale shi ba. Barau da Talle kuwa ba su sami shiga ko sau ɗaya ba, duk sanda suka buɗe baki sai su tarar an gama. Talle ya haƙura ya koma gindin ƙwaryar fura. Barau ya dage, yana ta neman gurbi, har dai sabo ya yi masa mugun aiki: aka ji shi tsakiyar ƙarti ya miƙa wuya yana gulululu tare da su, bai ma san yana yi ba.

Manoma kuwa, tun da amshi ɗaya ke kaɗa ɓangare biyu, sai garemaninsu suka koma tashi tare suna sauka tare. Suna dariya suna noma, hawaye na haɗuwa da gumi. Gonar da aka saba kaiwa la'asar a cikinta, rana ba ta gama take tsaka ba aka fita ƙarshenta. Kuma aka fita a tare, ba wanda ya riga wani ko da tsawon ƙotar fartanya.

Aka dawo gindin gawo. Sarkin Noma ya sa Tunau ya sauke Mai-Tsawa ya ajiye a tsakiya. Tunau ya ajiye ta a hankali, ya ja da baya, kafaɗarsa ta yi masa wani irin sakayau mara daɗi. Tabawa ta tattaro dukiyarta gefe tana ba su ruwa, sun ci fara har maƙoshi ya yi tsini.

Sarkin Noma ya goge idonsa da bakin rawani ya ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin gayya irin ta yau ba. Aiki ya yi kyau, amma ba wanda ya riga wani, ganga kuma ba ta rabuwa biyu. Cindo, me ka ce?"

Cindo ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sharaɗi ya ce mai ganga ya zo da 'yan amshinsa, nasa na kansa. Waɗannan kuwa kowa ya gani. Ba su san maigidansu ba, ba su san wanda ya ciyar da su ba. An fito da su daga gida da safe, kafin hantsi sun koma bayan abokin hamayya suna taya shi zagin mai su. Duk wanda ya fi ɗaga murya shi suke bi. Mai irin waɗannan 'yan amshi ai ba shi da kowa."

Dattawa suka gyaɗa kai, don magana ta yi ma'ana. Wuri ya yi tsit, har ƙartin ma suka rasa abin karɓa. Sarkin Noma ya dubi Tunau ya ce, "Makaɗa, ka ji. In kana da amsa, ɗauki gangarka. In ba ka da ita, ɗauko ka miƙa masa da hannunka."

Tunau ya tako a hankali ya sunkuya ya ɗauki Mai-Tsawa. Cindo har ya miƙo hannu biyu. Tunau ya kaɗe ƙurar da ke jikinta, ya zura igiya ya rataya ta a kafaɗarsa, ya bi Cindo da Barau da Talle da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ranka ya daɗe, kuma dama irinsu na saba riƙewa. Gara ma waɗannan, in sun ci amana miya ake yi da su."